Tsofaffin kwalaben giya a falo: na gilashi ko na tangaran?

Tun da na fara zama a Amurka nake ganin wani abu a gidajen dattawa wanda ya daɗe yana ɗaure mini kai, wato jera tsofaffin kwalaben giya a kan kanta ko cikin kabad, babu ko ɗigo a cikinsu, ana kakkaɓe musu ƙura kamar kayan gado. Ni ba mashayi ba ne, don haka a kan kwalbar idona yake tsayawa, kuma na lura iri biyu ne suka fi yawa.

Akwai na gilashi mai walƙiya, irin waɗanda kamfanonin Waterford na ƙasar Ailan da Baccarat na Faransa suka yi suna a kansu. Sirrin ƙyallinsu da nauyinsu shi ne darmar da ake haɗawa da gilashin, wadda kan kai kashi 24 cikin ɗari, kuma ita ce ke tsatsafowa a hankali cikin duk abin shan da ya daɗe a ciki, darma kuwa guba ce, don haka barinsu fanko ya fi alheri. Kyau kam suna da shi, sai dai in ka ga ɗaya kusan ka ga sauran.

Waɗanda suka fi jan hankalina su ne na tangaran, da kamfanin Jim Beam na jihar Kentucky ya fara fitarwa a shekarun 1950, masana'antar Regal China ta jihar Illinois tana ƙera masa su har zuwa rufe ta a 1992. Asalinsu talla ne, dabarar sa mutum ya sayi giya saboda mazubinta, musamman lokacin da kasuwar wuski ta ja baya. An yi su da siffar motoci da jiragen ƙasa da tsuntsaye, an yi na tunawa da jihohi, kuma a shekarun zaɓe akan fitar da jaki da giwa, alamomin manyan jam'iyyun ƙasar biyu. Mai irin wannan kanta yana iya ɗaukar kwalba ɗaya ya gaya maka shekarar da ya saye ta da wanda ya zaɓa a lokacin, abin da kwalbar gilashi ba ta taɓa sa wani ya faɗa mini ba.

Inda masu tarawa da yawa suka yi kuskure shi ne zaton cewa jari suke ajiyewa. An ƙera su da yawan gaske, kowa kuma ya adana nasa, shi ya sa yau galibinsu araha ake sayar da su a kasuwar gwanjo, wadda murfinta ya ɓata ko bakinta ya ɓantare kuwa da ƙyar take samun mai taya ta. A ganina wannan arahar ba aibi ba ce ga mai neman ado, matuƙar ba zai cika kanta da su har su danne juna ba. Uku ko huɗu da tazara a tsakaninsu sun isa, kuma da ni ne mai zaɓe, da jakin nan zan fara.