Ƙannena, Ku Ƙirga Ƙwarinku da Kanku

Jiya da la'asar na shiga wani shagon buga takardu wajen Ƙofar Ƙaura, na iske wani ɗan ajin ƙarshe yana roƙon mai shagon: "Don Allah Yallaɓai, ka zuba min lambobin da kanka, layin dai ya miƙe." Wai bincikensa kan ruwan ganyen bedi ne da ƙwaron wake. Na ce masa, "Ɗan samari, ƙwari nawa suka mutu a kwanonka na farko?" Sai sosa ƙeya. Ashe ko tiyar wake bai saya ba!

Wallahi abin ya tsaya min a rai. Lissafin furobit (probit) da yake son a yi masa, wato hanyar gano yawan maganin da ke kashe rabin ƙwari, ba tsafi ba ne. Chester Bliss, wanda ya fito da shi a 1934, masanin ƙwari ne. Ƙwari ba sa mutuwa lokaci guda. Wani ƙwaron, ɗigo ya ishe shi, wani sai an ninka masa. Shi ya sa layin yawan magani da yawan mace-mace yake lanƙwashewa, furobit ya miƙar da shi, inda lambar furobit ta kai 5 nan ne maganin ke kashe rabi. To wanda bai ƙirga gawa ko ɗaya ba, me za a miƙar masa?

Ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Cewa ɗalibin ya yi a rubuta 20, 40, 60, 80, 100, tamkar matakalar bene, bai ma san kashi 100 ba shi da lamba a jadawalin furobit ba. Kwanon da ba a sa wa magani kuwa bai taɓa jin labarinsa ba, balle gyaran Abbott da ake yi tun 1925 don cire ƙwarin da suka mutu ba da magani ba daga lissafi. A gwajin sauro, in fiye da kashi 20 suka mutu a wannan kwano, watsar da aikin ake yi a sake. Ku kuwa sakewa ce ba kwa so, amma kwana kuke a TikTok. Malaman da ke sa hannu ba su karanta ba, su ma Allah Ya shirya.

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gobe wani manomi a Mashi zai auna magani da lambar da ka ƙirƙira, ko wakensa ya fuje, ko iyalinsa su ci guba. Ku ji tsoron Allah, ku gyara.

Mu a lokacinmu tsinke muke sa wa mu zunguri kowane ƙwaro mu ga ko zai motsa, ga fitilar ƙwai, ga rula da fensir. Sau uku na sake gwajina saboda zafi ya kashe min ƙwari, ban kuma ji kunyar faɗa wa malamina ba.