Ga na'ura, ina tsinken gwaji?

Wai don Allah mai ciwon suga da wanne zai ji? A asibiti a ce ya riƙa gwaji a gida, a sallame shi, ko yadda ake huda gefen yatsa ba a nuna masa ba! Ya sayi na'urar auna suga, ashe tsinken gwajin da ake saka mata a ɗiga masa jini ne dodon: 50 ne a gwangwani, mai allurar insulin da ke gwaji sau 4 kullum ko mako biyu ba zai kai ba. Ya koma kemis, a ce sai na wani kamfani, wanda ko da guduma ba ya shiga na'urarsa. Ya samu, zafin Afrilu ya dafa tsinken, an ce kada ya wuce digiri 30, a ɗakin kwano ina za a ajiye? Wa ya gaya masa in ya taɓa dabino bai wanke hannu ba lamba za ta yi tashin gwauron zabi? Wa ya gaya masa ma'aunin na'urori ya bambanta, 7 a wata na'ura ita ce 126 a wata, ninki 18? Tsohuwa ta ga 6, ta zaci suga ya faɗi, ta hau kwankwaɗar lemo! Ya cika littafi da lambobi ya kai wa likita, ko buɗewa ba a yi ba!