Wa zai kwashe muku shara a dajin Hampstead?

Yau kam na gaji! Duk Asabar da sassafe, ko ana ruwa ko ana sanyi mai ratsa ƙashi, mu 'yan sa-kai mukan ɗauki safar hannu da baƙaƙen ledoji mu shiga Hampstead Heath, dajin nan na arewacin Landan mai faɗin kusan hekta 320, kuma kullum ɓangaren West Heath ne ke karya mana baya. Kowa ya san nan maza masu neman maza ke haɗuwa da dare, shekara da shekaru. Ni ban zo bin diddigin kowa ba, abin da ake bari a ƙasa ne ke ƙona mini rai. Kwaroron roba a gindin kowace bishiya, ledojinsa sun fi busasshen ganye yawa, tishu a maƙale jikin ƙaya kamar an yi shanya, gwangwanin giya, guntun sigari, har da takalmi ƙafa ɗaya! Mai shi da tsalle ya koma gida? Jiƙaƙƙen tishun nan mai roba kuwa ba ya ruɓewa, wanda ya ɓuya mana bara yana nan daram bana. Aljihun da ya shigo da kaya, fita da su ne ya gagare shi? Kwandon sharar da ke bakin hanya cizo yake yi? Gari na wayewa yara na wucewa, karnuka na shinshinawa, gwiwoyina har ƙara suke saboda tsugunno. Mu cika leda takwas, mu dawo bayan mako guda, sai ka rantse ba mu taɓa taka wurin ba!