Baftisma ce ke ba Kirista ceto?

A Damagaram za ka ji ana cewa, ai Kirista da an tsoma shi a ruwa shi ke nan, ya tsira. Ba haka ba ne, kuma Kiristoci su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba.

Katolika na cewa baftisma wajibi ce, hujjarsu ayar Yohanna 3:5 a Littafi Mai Tsarki, amma ba sa fid da wanda aka kashe saboda bangaskiya ko ya rasu yana neman baftisma daga cikin masu samun ceto. Ikilisiyoyin bishara kuwa, da suka samo tushe daga zuwan ƙungiyar mishan ta SIM Zinder (Damagaram) a 1924, sun ce ceto ta bangaskiya yake zuwa, baftisma shaida ce kawai gaban jama'a. Sukan kawo ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba aka yi masa alkawarin Firdausi.