Gundumar Cook: Shin kuɗin ne ke ƙaura ko mutanen?

Hukumar tara haraji ta Amurka, IRS, tana fitar da alƙaluman ƙaura daga gunduma zuwa gunduma ta hanya mai sauƙi: a duba adireshin da mutum ya rubuta a takardar harajinsa bara, a duba na bana. In sun bambanta, to ya tashi ke nan, sai a ɗora kuɗin shigarsa a lissafin inda ya koma. Da zarar alƙaluman sun fito, sai ka ji wasu 'yan siyasar jihar Illinois na ta kururuwa cewa haraji ya kori biliyoyin daloli daga gundumar Cook, inda birnin Chicago yake.

Maganar tasu ba ƙarya ce zalla ba. A 2022 attajiri Ken Griffin ya kwashe hedikwatar kamfaninsa Citadel zuwa Miami, a jihar Florida da ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, ko da yake shi da bakinsa matsalar tsaro ya fi ambata. Tashin irinsa asara ce, domin dukiyarsa tana binsa duk inda ya sa ƙafa.

Sai dai yawancin masu tashi ba Griffin ba ne. Ma'aikaciyar jinyar da ta koma Texas ba ta tafi da asibitin ba. Wata za a ɗauka, a ci gaba da biyan albashin nan a Chicago. Da yawa ma ba su yi nisa ba, maƙwabtan gundumomi irin su DuPage da Will suka koma, inda harajin jihar yake daidai da na Cook, kashi 4.95 cikin ɗari. Wanda ya yi wannan ƙaurar gida mai faɗi da makarantar 'ya'ya yake nema. Ga kuma baƙi daga ƙasashen waje, waɗanda ba su da takardar bara da za a gwada da ta bana, don haka lissafin yakan tsallake zuwansu. Wannan na cikin abin da ya sa duk da kukan ficewa, mutanen Cook suka ƙaru daga kusan miliyan 5.19 a ƙidayar 2010 zuwa miliyan 5.28 a ta 2020.

A ganina ƙaurar da ta fi cancantar kuka ita ce wadda ba ta da nauyi a ma'aunin dala. Tsakanin ƙidayoyin nan biyu, baƙaƙen fatar Chicago sun ragu da kusan dubu 85, bayan raguwar da ta fi haka a shekaru goman da suka gabata. Jikokin waɗanda suka baro jihohin kudancin ƙasar neman aikin masana'anta ne, kuma unguwanninsu na kudu da yammacin birnin ne suka fi ɗanɗana kuɗa sa'ad da gwamnatin magajin gari Rahm Emanuel ta rufe makarantu kusan 50 a 2013, bisa hujjar ƙarancin ɗalibai. Iyali dubu daga waɗannan unguwanni za su iya tashi, kuɗin shigarsu gaba ɗaya bai kai na attajiri ɗaya ba, alhali da tashinsu ne shago ke rufewa, coci ya rasa jama'a, makaranta ta shiga jerin waɗanda za a garƙame.