Ranar da shaddata ta gamu da Songkran a Bankok

Wai don Allah duk cikin masu zuwa Bankok sarin kaya a rasa mutum ɗaya da zai ce min kar ka je tsakiyar watan Afrilu? Alhajin da nake yi wa aiki ne ya tura ni kasuwar Pratunam in duba masa rigunan yara da jakunkuna, ya ba ni sunan otal, ya koya min lissafin kuɗinsu baht, har ya ja min kunne a kan barkonon abincinsu, amma ko uffan bai ce ba a kan Songkran.

Shi Songkran bikin sabuwar shekarar mutanen Tailan ne, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da zafin garin ke dosar digiri 40. Asalinsa abu ne na ladabi, a zuba ɗan ruwa a hannun dattawa a nemi albarka, a wanke gumakan Buda. To yaran zamani sun mayar da shi yaƙi, bindigogin ruwa, bokiti, mesa, duro-duro cike da ƙanƙara a bayan akori-kura. A 2023 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta saka shi cikin al'adun duniya da ake adanawa, ni dai ba a nemi shawarata ba.

Juma'a ce ta faɗo cikin bikin. Na ciro farar shaddata wadda ta sha sitaci da bugu, na kafa hula zanna, na feshe jiki da turare, zan je Masallacin Haroon da ke unguwar Bang Rak kusa da kogin Chao Phraya. Yarinyar da ke karɓar baƙi a otal ta kalle ni sama da ƙasa ta rufe baki tana dariya, ta miƙo min wata 'yar jakar leda mai igiya wai in saka waya, ni kuwa na ɗauka kyan shigar ne ya ruɗa ta.

Na tare tuk-tuk, wato a daidaita sahunsu, sai dai nasu ya fi gudu kuma gefe da gefe a buɗe yake fayau. Direban sanye da rigar fulawoyi da tabarau irin na masu iyo, nan ma ban kawo komai a raina ba.

Ba mu yi nisa ba na ji sanyi tun daga ƙeya har tsakiyar baya, wata tsohuwa ce, wallahi ta yi jika da ni, riƙe da kwano tana min murmushi. Kafin in gama salati bokiti na biyu ya iso. Nake ce wa direba malam taka mana, taka! Bawan Allah nan sai ya riƙa rage gudu duk inda ya ga taron yara, har da danna musu hon wai ga babban kamu ya kawo. Wajen titin Silom kuwa abin ya wuce misali, an rufe hanya, mutane maƙil, wani saurayi ya zo ya haɗa hannuwa ya rusuna cikin girmamawa sannan ya shafa min farin alli a kumatu duka biyu. Ya za ka yi faɗa da wanda ya gaishe ka kafin ya cuce ka?

Da na isa masallaci sitaci ya narke yana bin ƙafata, hula ta kwanta, takalmi na kuka duk takun da na yi. Wani dattijo ya dube ni ya girgiza kai, ya shiga ciki ya ɗauko min zanen sarong da wata riga da ba ta rufe min cibiya sosai ba, haka na bi sahu, ana ta satar kallona.

Da dare ina shanya takardun baht a kan gado na kira Alhaji ina masa ƙorafi, ya yi dariya har da tari, ya ce ai shi ma haka aka yi masa shekarun baya, da gangan ya yi shiru don ladan ya ishi kowa. Na ce ranka ya daɗe to kayan fa, shagunan da ka turo ni duk a garƙame, masu su sun tafi ƙauye hutu. Ya ce in jira Litinin.

Washegari na sayi bindigar ruwa mai tanki a baya, na rubuta kuɗinta cikin lissafin Alhaji a ƙarƙashin sufuri.