Maurice Wilkes: abin da aikin rada ya koya wa mutumin da ya gina kwamfuta da zaiba

Ranar 6 ga Mayu, 1949, a jami'ar Kambirij ta Ingila, wani inji mai suna EDSAC ya karanta umarni daga tef na takarda mai huji, ya ninka kowace lamba da kanta daga 0 zuwa 99, ya buga amsa a takarda. Wanda ya jagoranci gininsa, Maurice Wilkes, yana da shekara 35 a lokacin. An kira shi aikin yaƙi a 1939, ya shafe Yaƙin Duniya na Biyu yana aiki kan na'urar rada mai hango jiragen abokan gaba, sannan ya koma Kambirij a 1945. Ya rasu ranar 29 ga Nuwamba, 2010, yana da shekara 97.

Idan ana ba da labarinsa, baiwa ake fara ambata. Baiwa kam yana da ita, amma a ganina abin da ya sa injinsa ya tashi kafin na waɗanda suka riga shi farawa shi ne tarbiyyar da ya samu a aikin rada. Can mutum yake koyon cewa na'urar da ke aiki a daren nan ta fi wadda za ta zama gagarau baɗi, domin jirgin da ke tafe da bam ba ya jiran injiniya ya gama gyara zanensa.

A duba yadda ya warware matsalar ƙwaƙwalwar injin. A wancan zamani babu inda za a ajiye dubban lambobi cikin araha. Amma masu aikin rada sun riga sun san wata dabara: a jinkirta amsa-kuwwar da ta dawo, a gwada ta da mai bi mata, sai tsauni da gini su ɓace daga allo, abin da ke motsi kaɗai ya rage. Abin jinkirtawar bututun ƙarfe ne cike da zaiba. Wilkes ya bi sawun injiniyoyin Amurka, ya mai da shi ma'adana. Kowane bututu tsawonsa kusan ƙafa 5 ne, da ɓallin dutsen kwaz a kowane baki. Idan lantarki ya taɓa ɓallin farko sai ya girgiza, girgizar ta bi zaiba da saurin mita 1,450 a daƙiƙa ko kusa da haka, ta isa ɗaya bakin bayan ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ɓalli na biyu ya mai da ita lantarki, a ƙara mata ƙarfi, a gyara siffarta, a daidaita ta da agogon injin, a sake cusa ta ta bakin farko. Haka bugu 576 ke ta kewaya a bututu guda, wato kalma 32 (kalma ita ce gurbin lamba ko umarni guda) mai bugu 18 kowacce. An tsara bututu 32, amma da kalma 512 aka fara aiki.

Wahalar tana nan. Saurin sauti a cikin zaiba yana canzawa da zafi, don haka 'yan digiri kaɗan sun isa su sa bugun ya iso a makare ko ya riga lokacinsa, agogo ya karance shi a gurbin maƙwabcinsa, lamba ta lalace ba tare da wata alama ba. Shi ya sa daga baya aka sanya bututun cikin akwati mai na'urar daidaita zafi. Ɓallin biyu kuma dole su fuskanci juna daidai wa daida, in ɗaya ya ɗan karkace sai sautin ya raunana. Kumfar iska ko datti a fuskar ɓalli ma haka. Ga bawul kusan 3,000 irin na tsohuwar rediyo, suna shan kilowat 12 ko kusa da haka. Wanda ya mutu ɗungurungum ba shi da wuyar ganowa. Mai wahalarwa shi ne wanda ya tsufa, yana aiki da safe, yana ƙarya da yamma.

A nan ne Wilkes ya yanke shawarar da nake ganin ita ce ginshiƙin labarin. Ya sa agogon injin ya buga sau 500,000 a daƙiƙa, alhali injin da masanin lissafi Alan Turing ya tsara a lokacin ya nufi miliyan ɗaya. Rabin gudu yana nufin kowane bugu ya samu fili ninki biyu, bawul ɗin da ya fara gajiya zai iya ci gaba da hidima, kuma ba sai an ƙirƙiro sabbin kayan haɗi ba. Turing bai yaba tsarin Wilkes ba, ya ga cewa tara kaya ne a inda ya kamata a yi tunani. Kuma gaskiya ne injin gwaji na tsarin Turing ya fi gudu, sai dai bai fara aiki ba sai Mayun 1950. Injin EDVAC na Amurka, wanda daga takardar tsarinsa da darussan makarantar Moore a Filadalfiya a 1946 Wilkes ya ɗauko manufar, sai 1951 ya kama aiki. Jami'ar Manchester ta riga kowa a Yunin 1948, amma nata ƙaramin injin gwaji ne. EDSAC, da umarni kusan 650 a daƙiƙa, shi ya fara karɓar aikin jama'a kullum. Da babu gara ba daɗi.

Kuma jama'ar yake nufi tun farko. Masu bincike suna huda shirinsu, wato jerin umarnin da inji zai bi, a tef mai layin huji biyar, su rataye shi a igiya bisa layi, mai kula da inji ya ɗauka bi da bi. Da dare, waɗanda aka amince da su sukan tuƙa injin da kansu har ya lalace, su kashe shi su tafi, injiniyoyi su gyara da safe. David Wheeler, ɗaya daga cikin abokan aikin Wilkes, ya rubuta umarni 31 na farko da ke shigar da shiri cikin ma'adana, ya kuma fito da hanyar kiran ƙaramin shiri daga babba a dawo inda aka tsaya. Daga nan aka tara ɗakin ajiyar ƙananan shirye-shirye da kowa ke aro. John Kendrew, wanda ya samu kyautar Nobel a 1962, ya yi lissafin siffar furotin da injinan Kambirij. Kamfanin shayi da burodi na Lyons ya ba da fam 3,000 da aron ma'aikaci guda, ya gina nasa injin LEO a kan wannan tsari, ya fara lissafin kayan gidajen burodinsa da shi a Nuwamban 1951.

Kada a ɗauki wannan a matsayin yabon yaƙi. Yaƙin ya ci miliyoyin rayuka, cikinsu har da matasan da wataƙila sun fi Wilkes hazaƙa. Abin yabo shi ne jami'ar da ta ga mutum ya dawo da ilimin bugun lantarki a hannunsa, ta damƙa masa ɗakin lissafi, ta bar shi ya ɗauki irinsa. Babban injiniyansa, William Renwick, shi ma daga aikin rada ya fito. Da an bar su sun watse da takardar sallama kawai, da wannan ilimi ya bi ruwa.

Tsawon rai kuma bai zama masa zaman tuna baya ba. A 1951 ya gabatar da dabarar da ta fi EDSAC daɗewa: maimakon a saƙa sashen sarrafa inji da wayoyi barkatai, a rubuta ƙananan matakan kowane umarni a wata ma'adana ta dindindin, yadda gyara zai zama canza jadawali. EDSAC 2 ya yi aiki da ita a 1958, shekarar da aka kashe na farko, kamfanin IBM kuma ya gina yawancin injinansa na System/360 a kanta daga 1964. A 1965 ya yi rubutu kan ƙaramar ma'adana mai sauri da ke tsakanin mai sarrafawa da babbar ma'adana, wadda yanzu take cikin wayar da ke aljihun kowa. Ya karɓi kyautar Turing, babbar kyautar fannin kwamfuta, a 1967. Da ya yi ritaya daga Kambirij a 1980 yana da shekara 67, sai ya tafi kamfanin DEC a Amurka, ya dawo ɗakin binciken Olivetti a 1986, a 2002 kuma ya koma ɗakin kwamfuta na jami'ar.

Shi da kansa ya ba da labarin cewa a Yunin 1949, yana kan matakala tsakanin ɗakin inji da ɗakin huda tef, ya gane cewa babban kaso na sauran rayuwarsa zai tafi ne wajen neman kurakurai a shirye-shiryen da ya rubuta da hannunsa. Sauran rayuwar ta kai shekara 61.